Akwatin Kaset ɗin Baba

Ranar Asabar ɗin da ta wuce na shiga wani shagon maganin dabbobi, zan sayo wa 'yan tumakina maganin kaska. Mai shagon ya buɗe kwalba don ya nuna mini yadda ake aunawa, warin ya daki hancina, sai na sandare a tsaye kamar wadda aka kira sunanta daga baya. Yana ta bayani, murfi kaza a bokiti kaza, ni kuwa ko kalma ɗaya ban riƙe ba. Na riga na koma shekara talatin da 'yan kai baya, ina zaune a kujerar gaba ta motar Baba, ƙafafuna suna reto ba su kai ƙasa ba, akwatin kaset yana bisa cinyata.

Ban sani ba ko ka taɓa shiga motar malamin dabbobi. In ka taɓa, ba sai na faɗa maka ba. Wari ne da ba ya fita ko an wanke motar da sabulu: maganin kaska, da goro, da man shanu da ake ba shi tukuici a ƙauyuka, da robar kujera da rana ta gasa. Baba malamin dabbobi ne a Gwarzo. Iyayensa makiyaya ne da suka gaji da yawo suka kafa gida suka kama noma. Shi kaɗai aka sa a boko cikin 'ya'yansu, amma bokon bai raba shi da shanu ba, sai dai ya ajiye sanda ya ɗauki allura. Motarsa tsohuwa ce mai dogon baya, asalinta fara, amma jar ƙasar hanya ta rina ta har an manta. Ƙofar baya ta hagu ba ta buɗuwa sai daga waje. Gilashi ɗaya sai an tallafe shi da tafin hannu kafin ya hau. Abu ɗaya ne a jikinta da Baba ba ya yarda ya kwana da lalura, shi ne rediyon kaset.

Akwatin kuwa kafinta ya sa ya yi masa, daidai yadda zai shige ƙarƙashin kujera. Katako ne mara fenti, da 'yar sakata ta ƙarfe, an shimfiɗa masa yankin tsohon bargo a ciki saboda zafi. Kaset-kaset suna jere a tsaye, sahu uku. A bayan kowane, Baba ya rubuta sunan mai waƙar da ajami, da rubutunsa mai kwantawa gefe. Akwai masu kalangu, akwai masu kukuma da garaya, akwai waƙoƙin noma, akwai na bege, akwai kiɗan ƙwarya na mata da ya saya don Inna, mahaifiyata, ko da yake bai taɓa amsa cewa don ita ya saya ba. Na karatun Alƙur'ani suna gaba, da ɗan kwali tsakaninsu da sauran.

Ni ce ta uku a ɗakinmu, don haka babu kunyar ɗan fari tsakanina da shi. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, shi ya sa bai taɓa kama sunana ba, sai dai ya ce Uwata. Yayyena biyu maza ne, ƙwallo ta ɗauke musu hankali, zaman mota gundurarsu yake yi. Ni ce nake tsugunne a bakin zaure da sassafe in an yi hutun makaranta, da ɗan kallabina a ɗaure, ina jiran ya fito ya ce, "To, Uwata, taso." Haka riƙon akwati ya zama aikina.

Aikin yana da dokoki. Ba a barin kaset a gaban mota rana ta same shi. Wanda aka ciro sai an mayar da shi gidansa kafin a ciro wani. Ba a mayar da waƙa baya da rediyo, wai yana gajiyar da injin; sai dai in zura biro a ramin kaset, in ɗaga sama in yi ta wulwulawa har zaren ya koma farko. In mun zo wucewa ta maƙabarta, ko mun jiyo kiran salla, ba sai an ce mini in kashe ba. Wani lokaci rediyon yakan tauna zare. Baba ba ya faɗa, ba ya tsaki. Sai ya gangara gindin bishiya, ya zaro zaren a hankali kamar mai karɓar haihuwar akuya, ya yanke inda ya tattaune, ya haɗe bakin biyu da ɗigon jan farce da ya roƙa wajen Inna. Daga ranar waƙar takan yi ɗan tuntuɓe in ta zo wurin. Da tuntuɓen na haddace waƙoƙi da yawa. Har yau in na ji su a wani wuri sun wuce sumul, sai in ji kamar an tsallake wani abu.

Kowace hanya da nata kaset, kowane lokaci da nasa. Da safe karatu ne har rana ta ɗaga. Da damina, in muka nufi Mainika, hanya ta yi caɓi, mota tana zamewa tana gurnani, masu kalangu yake so, ya ce su suke tura motar. In muka zo daidai gonar da ake gayya, sai ya rage gudu, ya ce in sa waƙar noma in ƙure murya. Manoman sukan ɗago, su ɗaga mana fartanya sama, wani har ya taka rawa da laka a gwiwa. Da bazara kuwa, in muna dawowa daga Kara, zafi ya kwantar da komai, ko tsuntsu ba ya motsi, sai kukuma a hankali, Baba yana tauna goro yana buga sitiyari da yatsa ɗaya. Ba mai yawan magana ba ne. Abin da na sani na halinsa, rabi a kujerar nan na koya, daga irin waƙar da ya ce a sa da wadda ya ce a cire.

Akwai wani abu da yake yi wanda a lokacin ban ɗauke shi komai ba. Ka san in waƙoƙin gefe ɗaya suka ƙare, akan bar ɗan sauran zare babu komai a kai, minti biyu, wani har biyar. Baba ya tsani asara. Yana da 'yar rakoda mai batir a ɗaki, sai ya toshe ramukan saman kaset da takarda, ya danna jan maɓalli, ya cike sauran zaren da muryar mutanen gida. Ya ɗauki Kaka, mahaifiyarsa da take zaune a Kabo, tana lissafa sunayen shanun mahaifinta ɗaya bayan ɗaya. Ya ɗauki Baffa, ƙaninsa da yake noma a Lakwaya, yana ba da labarin yadda jaki ya kayar da shi a kasuwa, dariya ta hana shi ƙarasawa. Ya ɗauke ni ina karanta littafin aji biyu ina in-ina. Duk kaset ɗin da ya yi wa haka, sai ya ɗiga masa jan biro a kusurwa.

Inna ce ta gagare shi. Mace ce mai kunya, ko dariya za ta yi sai ta kare baki. Tana ganin rakodar sai ta yi gum. Amma in tana kaɗa nono a gora da hantsi, ta ɗauka ba kowa a gida, takan yi wata waƙa da ta koya wajen kakarta, rabi Hausa rabi Fillanci, wanda ita kanta ba duka take ji ba. Baba ya yi ta dabara har ya ɓoye rakodar a bayan turmi ya lulluɓa mata tsumma.

Ba mu san ya yi ba sai wata Juma'a da muka tafi Kabo gaida Kaka, mu duka. Ran nan Inna ce a gaba, ni ina baya da akwatina. Waƙar mai kukuma ta ƙarshe ta ƙare, aka ɗan yi shiru, sai ga ƙarar gora, cakas, cakas, sai ga murya ta biyo. Inna ta yi kamar minti guda ba ta gane ba. Da ta gane, sai ta ja mayafi ta rufe fuska gaba ɗaya.

"Malam, don Allah kashe," ta ce daga cikin mayafin. "Wannan ai tonon asiri ne."

"Wace ce wannan mawaƙiyar?" in ji Baba, idonsa a kan hanya. "Ban san ta ba. A kasuwa na saya."

Yayyena suna ta ƙyaƙyata dariya. Kafaɗun Inna suna rawa, ba mu sani ba ko kuka take ko dariya, har muka shiga Kabo ba ta buɗe fuska ba. Daga baya ta saki jiki. Na san ya sake ɗaukarta ba sau ɗaya ba, tana tatsuniya, tana yi wa kaji faɗa, tana yi mini kitso tana mita wai kaina ba ya tsayawa. Ni dai a lokacin ba su dame ni ba. Muryar da nake ji kullum a tsakar gida, me zan yi da ita a mota? Da waƙoƙi sun ƙare sai in yi wuf in cire kaset in juya, ina ɗokin kalangu.

Ina aji biyu a makarantar kwana Inna ta rasu. Zazzaɓi ne na kwana huɗu, da kaka, ana tsakiyar yankan dawa. Kafin a zo a ɗauko ni an riga an kai ta. Da na dawo hutu na gaba na koma kujerata, na karɓi akwatina, amma wani abu ya sauya. Kafin waƙar ƙarshe ta gama sauka, hannun Baba ya riga nawa kaiwa ga rediyo. Ya danna, kaset ya fito, ya miƙo mini ba tare da ya dube ni ba. Ban tambaya ba, shi ma bai ce komai ba. A gidanmu ba a zama a yi ta maganar mamaci, addu'a ake yi masa a yi shiru. Shekara ta bi shekara, na tafi kwaleji, na yi aure a Kano, na kama koyarwa, na haihu. Zan gaya maka gaskiya ko da ba za ta yi mini kyau ba: na manta. Na manta sarai cewa akwai wani abu a bayan waƙoƙin nan. In na tuna jan ɗigon ma, sai in ɗauka alamar waɗanda ya fi so ce.

Baba ya yi ritaya, ya ci gaba da 'yan zagayensa har yanar ido ta fara rufe shi. Ranar da ya kusa take ɗan maraƙi a bakin gari, da kansa ya dawo ya miƙa wa babban yayana makulli. Aka sayar da motar. Akwati ya koma ƙarƙashin gadonsa. Rakodar ɗaki ta daɗe da mutuwa, an kai gyara har mai gyaran ya ce a haƙura. Ashe tun da aka sayar da motar bai sake jin ko ɗaya ba, wajen shekara biyu, bai kuma gaya wa kowa ba.

A lokacin ni ma na sayi 'yar motata, ni nake zuwa in ɗauke shi in kai shi asibitin ido a Kano. Zuwana na biyu sai ga shi ya fito rungume da akwatin. Ya zauna, ya miƙa hannu yana shafa gaban motar, yana laluba.

"Uwata, ina bakin da ake sawa?"

Na yi dariya, na ce, "Baba, ai motocin yanzu ba su da shi." Na nuna masa ɗan ramin da ake soka filashi, na ce wani ɗan abu ne da bai kai yatsa ba, amma zai haɗiye akwatin nan kaf, har da saura. Na ce ya ba ni in kai a juye masa.

Ya ɗora hannunsa a kan sakatar. "Duka za a juye? Ba za a bar komai ba?"

"Duka, Baba."

"To," ya ce. Ya sauke akwatin a kan cinyata, kamar da.

Na kai wa wani mai tura waƙoƙi a Kano. Ya buɗe, ya ɗaga kaset biyu uku, ya ce in ana so a juye su yadda suke, sai ya aro na'ura, kuma kowane sai an kunna shi daga farko har ƙarshe, gefe da gefe, aikin sati biyu ko uku. "Amma Hajiya, wahalar me?" ya ce. "Duk mawaƙan nan ina da su a kwamfuta, tas, babu shuu. Ki karanto mini sunaye kawai." Bai yaudare ni ba, ya faɗa mini hanya biyu, ni na zaɓa. Lokacin jarrabawa ne, takardun yara sun taru mini, ga girki yana jirana. Na zauna a benci ina haɗa baƙaƙen ajamin Baba da ƙyar, yana nemowa yana turawa. Kafin la'asar an gama. Na fito ina jin daɗin kaina, har ina cewa na samar masa waɗanda suka fi nasa fita.

Sati na zagayowa na je Gwarzo, ban same shi ba, ya tafi Kara ta'aziyya zai kwana biyu. Baffa na tarar a ƙofar gida, ya shigo gari sayen gishirin dabbobi. Ina sauke kaya daga bayan mota ya hango akwatin. Lokacin tumu ne, gero ya fitar da kai, tsuntsaye sun addabi kowa. Ya ce, "'Yar nan, waɗannan na Yaya ne? Har yanzu ana jin su?" Na ce an gama da su, an juye komai, sun zama kamar ƙwaryar da aka juye wa nono. Ya ce to in ba su da amfani yana so, zaren kaset babu kamarsa wajen korar tsuntsu. Ban ce a jira Baba ba. Ni na ɗauki akwatin da hannuna na ɗaura masa a bayan babur.

Bayan sati biyu ranar asibiti ta zo. Muna fita daga gari na soka filashi, na sa masa karatu, da rana ta ɗaga na sa kalangu. Fuskarsa ta washe. Yatsan nan ɗaya ya fara buga gwiwa. Ya ce, "Ikon Allah. Duk a ɗan wannan abin?" Mun kusa Kabo mai kukumar nan ya shigo, na jera su yadda suke a kaset. Da waƙar ƙarshe ta fara sauka, sai na ga Baba ya daina buga gwiwa. Ya gyara zama, ya ɗan sunkuyar da kai wajen rediyo, ya ɗaga hannu alamar kada in yi magana. Wata waƙa ta ɓarke da ganga.

"Ina sauran?" ya ce.

"Sauran me, Baba?"

"Bayan wannan. Akwai saura bayan wannan."

Na ce ai ga ta nan ta shigo, akwai wasu da yawa a gaba.

"Ba waƙa nake nufi ba," ya ce a hankali. "Innarki."

Ban san yadda na gangara gefen titi ba. Komai ya dawo mini a lokaci ɗaya, gorar nono, mayafin, jan ɗigon. Ya ce ba komai, in ba a juye ba a mayar a sake, ina akwatin? Na gaya masa Baffa na ba, ya tafi da su gona korar tsuntsu. Da na gama faɗa, sai ya ce, "Juya. Mu je Lakwaya."

Tun daga nesa na hango gonar. Baffa ya kakkafa sanduna ya zagaye geron, ya ja zare daga wannan zuwa wancan, sama da ƙasa, ya gicciya ta tsakiya. Iska tana kaɗawa, zaren yana walƙiya a rana, yana wani ɗan kuka siriri. Ko tsuntsu ɗaya babu. A gindin wata ɗorawa ga ɓawon kaset-kaset a zube, an farfasa, ruwan sati biyu ya wanke rubutun. Akwatin yana gefe, an zuba masa igiya da lauje.

Baffa ya taho da murna yana yi mana sannu da zuwa. Da ya ji abin da ya kawo mu, sai ya cire hula ya tsuguna a kan kunyar gona, yana ta salati. "Yaya, wallahi ban sani ba. Da na sani, gara tsuntsu ya cinye gonar." Guda shida ne bai kai ga fasawa ba. Na duba su ɗaya bayan ɗaya, na sake dubawa. Babu mai jan ɗigo.

Baba ya ce in kama hannunsa in kai shi. Na kai shi bakin gonar, na ɗora yatsunsa a kan zaren. Ya bi shi da hannu a hankali, taku huɗu ko biyar, ya tsaya. Idonsa ba ya ganin komai sai ƙyalli. Ya daɗe a tsaye. Sannan ya juyo wajen ƙaninsa ya ce, "Tashi, sa hularka. Da ma ita ba ta son ta ga tsuntsu a kan hatsi."

Ni ce ban haƙura ba. Na warware zare mai yawa na naɗe a kara, na kai wa mai gyaran rediyo a kasuwar Gwarzo. Ya yi iya ƙoƙarinsa, ya ɗaura a wani ɓawon, ya kunna. Shuu ne kawai, sai wata ganga can nesa kamar daga ƙasan rijiya, ta zo ta ɓace. Mun gwada kashi bakwai. A na bakwai ya dube ni ya ce, "Hajiya, rana ta riga ta sha."

Da yamma na shiga ɗakin Baba na durƙusa. Na so ya yi mini faɗa. Da ya zage ni, da na sami abin riƙewa. Sai ya ce, "Da kin tambaye ni, Uwata." Ya ƙara da cewa, "Amma ni ma da nawa. Shekara ashirin ina jin ta ni kaɗai, in na sauke kowa, in tsaya a gindin bishiya. Ban taɓa cewa ku zo ku ji uwarku ba. Na yi rowarta." A nan ne kukan ya ƙwace mini, kuma ba zan ɓoye maka ba, har da haushinsa a ciki. Ashe duk shekarun da nake kwanciya ina ƙoƙarin tuno yadda take kiran sunana, muryar tana nan a ƙarƙashin kujera, tafiyar awa ɗaya da 'yan mintoci daga gidana. Shi kunya ta hana shi faɗa, ni gaggawa ta hana ni tambaya.

Da aka yi girbi Baffa ya aiko da dami uku na geron gonar. Baba ya sa aka sussuka, aka yi fura, aka rabar sadaka a ƙofar masallaci da sunan Inna. Bai sha ko ludayi ɗaya ba.

Mun ci gaba da zuwa asibiti, an yi masa aiki a ido ɗaya, ya ɗan samu sauƙi. Na ɗauka ba zai sake yarda a kunna komai ba, amma muna hawa titi sai ya ce in sa. In mai kukumar nan ya zo ƙarshe, sai ya ce, "Kashe." In kashe. Mu yi ta tafiya shiru, ba ka jin komai sai taya a kan kwalta, shi kansa a sunkuye, leɓensa yana ɗan motsi. Bayan kamar minti uku sai ya ɗago ya ce, "To, ci gaba." Haka yake yi a wurare daban-daban, bayan wannan waƙa, bayan waccan, ya san inda kowa yake. Sau ɗaya na yi ƙarfin hali na ce ya rera mini abin da take cewa. Ya gyara murya, ya ɗauko baiti ɗaya, muryar ta karye a tsakiya. Ya ce, "Ba haka take yi ba." Bai sake gwadawa ba, ni ma ban sake roƙo ba. Shekara uku bayan haka ya bi ta, Allah ya jiƙansu da rahama.

Yanzu ko filashin ma an daina yayinsa. Waya ce take magana da mota ba tare da an soka komai ba, duk waƙar da ka ambata za ta zo maka kafin ka rufe baki. Ba a wulwula biro, ba a jiran komai ya koma farko, babu abin da yake taunewa balle a zauna gindin bishiya a gyara. In muka kama hanyar Gwarzo da yarana, kowa da abinsa toshe a kunne, mota ɗaya, waƙa huɗu, babu mai jin ta wani. Ba na ganin laifinsu. Wayata cike take da muryoyinsu, saƙon a sayo burodi, saƙon an tashi daga makaranta, ba na goge ko ɗaya, har suna yi mini dariya wai na cika tara shara.

Kwanan baya muna wucewa ta Kabo, autata, wadda aka sa wa sunan Inna, ta zare abin kunnenta ta leƙo tsakanin kujeru. Ban san abin da ya kawo mata tunanin ba. Ta ce, "Umma, mai sunana, muryarta siririya ce ko babba?"

Na buɗe baki zan ba ta amsa. Na san tsawonta, na san zanen da ta fi ɗaurawa, na san tabon ƙuna a bayan hannunta na dama. Na yi ta lalube har muka fita daga garin, muka wuce gonaki, yarinyar tana jira.

Na ce, "Ban sani ba, 'yata. Na manta."